Ranar da Na Bar Mahauci Ya Zari Wake Sau Ɗaya

Jiya na ji ɗayanku a bakin famfo, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana gaya wa abokinsa wai ya zaɓi ɗakina don yin istaj, wato koyon aiki, saboda nan babu jini, babu amai, babu gudu, zama ne kawai da surutu. Madalla. Na fi shekara ashirin ina wannan zama da surutun, kuma da ana mayar da furfura baƙa, da na koma ɗakin haihuwa da gudu. Can in jariri ya fito ya yi kuka, an gama. Nan kuwa sai ka yi magana ɗaya da safe, ta bi mutum gida, ta zauna da shi shekara guda tana cin tuwonsa. Don haka ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Aikin, in za a faɗe shi a taƙaice, shi ne ka zauna da mutum ka fahimtar da shi abin da yake ɗauke da shi a jini wanda zai iya gadar wa ƴaƴansa. Kada ka firgita shi, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka zaɓa masa abin da zai yi da rayuwarsa. A yankinmu, daga Gazawa har Gidan Rumji, kusan duk wanda ya shigo ɗakin nan maganar amosanin jini ce ta kawo shi, ciwon nan da ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira sikila. Ɗa ya yi ta kukan ƙashi, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ƙara jini bana a ƙara baɗi. Iyaye kuma ga su garau, ba mai ko ciwon kai. Sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma yawanci ba a nisa, uwar ɗan na nan zaune kusa.

Ni ba da wannan na fara ba. Karɓar haihuwa nake yi a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Cadawa, ƙarƙashin Majo Lawali, Allah ya jiƙansa, dogon mutum mai ƙarancin magana, shi ne shugaban wurin. Shi ya tura ni Maradi aka yi mana formasiyo, wato horo, na dawo da kaye biyu, littattafan rubutu, cike da Faransanci, kaina ya kumbura. Wadda na fara zama da ita wata tsohuwa ce da jikanta a baya. Na zana mata haruffa a allo, na ɗauko bayanin jini tun daga ɓargo, ita kuwa tana ta gyaɗa kai tana cewa to, to, to. Na ji daɗi ƙwarai. Da na gama ta gyara goyo ta ce, “Ɗiyata, Allah shi yi albarka. To allurar hwa, yaushe za a yi mai?”

Ashe Majo yana bakin ƙofa. Da ta fita ya ce, “Zuwera, in kinka ji mutum ya ce to sau uku a jere, ya riga ya tahi gida, gangar jikinai kaɗai ya bar miki.” Washegari ya zo da wake daga rumbunsa, fari da ja, ya zube mini a tebur. Wata uku yana sa ni in yi wa duk wanda ya samu bayani da waken nan, mai gadi, mai shara, mai kawo mana ruwa a amalanke, kuma ba ya yarda an fahimta sai mutum ya maimaita da bakinsa. Mai gadin har ya gaji da ni, in ya hango ni tafe da ƙoƙo sai ya tuna bai yi alwala ba.

Kayan aikina ga su nan, tun wancan lokaci ba su canza sosai ba. Ƴan jakunkuna biyu na atamfa, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. Ƙoƙo ɗaya. Tabarma, don kujera da tebur suna sa mutum ya ji a gaban jandarma yake. Ƙofa mai rufuwa, wadda ta fi sauran duka muhimmanci, domin jinin mutum sirrinsa ne. Ɗan abin gwajin da ake huda yatsa a ɗiga masa jini. Sai waken. Kowane ɗan Adam yana da ƙwaya biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Mai fari biyu ba shi da komai. Mai fari da ja lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kokawa, amma yana ɗauke da jan. Mai ja biyu shi ne mai ciwon. In uba da uwa duk masu fari da ja ne, sai ka sa fari da ja a kowace jaka, mutum ya rufe ido ya zaro ɗaya nan ɗaya can, ya jefa a ƙoƙo. Wannan shi ne abin da ciki ɗaya zai iya kawowa. Sannan, ku buɗe kunne, a mayar da waken cikin jaka a sake zara. A sake, a sake, sau goma, sau ashirin, har mutum ya gani da idonsa cewa kowane ciki sabon zara ne, jaka ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu.

Masu zuwa su suka gyara mini aikin, ba takarda ba. Wani makaho daga wajen Sae Sabuwa ya zo da matarsa, na ɗora masa wake a tafi ina cewa ka ga wannan ja ne, ka ga wannan fari ne. Ya murza su ya ce, “Madam, ke kinka gani. Ni dai wake biyu naj ji.” Tun daga ranar nake ajiye ƙwayar masara a madadin ja saboda irinsa. Wata Bafulatana kuma ban kai rabin bayani ba ta tare ni, ta ce wannan ai kowa ya sani, baƙar saniya da baƙin bijimi sukan haifi jan maraƙi in akwai ja a kakanni, a kan wannan na sa ta baro nononta a rana? Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Amma wadda ta koya mini aikin da gaske ba ta taɓa ce mini uffan ba, domin kurma ce, ba ta ji ba ta magana. Sunanta Sha'awa, kuma saura kaɗan sakacina ya raba ta da ƴaƴanta.

Ranar kasuwa suka zo daga wani ƙauye nan kusa. A gaba mijinta Isuhu, mahauci, ƙato wanda sai da ya sunkuya ya shiga ƙofata, da wuƙa a ƙugu. Sai yayarsa Tsahara, wadda tun daga waje ta sanar da ni cewa ita ce bakin Sha'awa, ita ce kunnenta. Sha'awa tana can baya da ciki wata biyar, riƙe da ƴarsu Nana mai shekara uku, wadda gwaji ya riga ya nuna tana da ciwon. Ita Sha'awa an gwada ta a wurin awon ciki, fari da ja ce. Na ce saura maigida. Isuhu ya kalli ɗan tsinken huda yatsan, abin da bai kai ƙayar aduwa ba, ya ja da baya har ya kusa taka mini ƙoƙo.

“Madam, ni hwa ban shiri da allura.”

Na ce, “Kai da ke yanka sa kowace kasuwa?”

“Wancan jinin sa ne. Wanga nawa ne.”

Tsahara ta ce, “Mi za a gwada ga Isuhu? Dube shi hwa. Mu gidanmu ko mura ba ta kwana.”

Na ce a raina bari in bi ta wake, in ya fahimta zai miƙo yatsan da kansa. Kuskurena na farko ke nan, na juya na fuskanci masu kunne. Na yi wa Isuhu bayani, na yi wa Tsahara, Sha'awa kuwa tana gefen tabarma kamar buhun da aka shigo da shi. Jefi-jefi Tsahara takan juya ta yi mata wani abu da hannu, ni kuma in ce madalla, ana fassara. Na miƙa wa Isuhu jakunkunan, ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya zaro. Fari da fari. Na buɗe baki ke nan in ce mayar ka sake, sai aka buga ƙofa, wai an kawo mai naƙuda a amalanke, kan ɗa ya riga ya leƙo. Na ce su jira ni, na fita da gudu. Da na dawo bayan awa biyu, tabarma kawai na tarar. Na tattara wakena na ga ja ɗaya babu, na ce ya faɗi ne kaji sun samu.

Kafin kasuwa ta zagayo babu rumfar da ba ta ji ba. Isuhu yana saran nama yana ba da labari, cewa madam ta gidan likita ta duba masa da wake, ta gano abin da ke cikin matarsa lafiyayye ne, fari biyu tas suka fito. Ban ga laifinsa ba sosai. Mutanenmu sun san bugun ƙasa, sun san masu zuba wuri, sun san in an yi bisimilla an rufe ido an zaro abu daga jaka, to ba wasa ake yi ba. Wa ya tsaya ya gaya masa misali ne? Ni ce, kuma ina can ina yanke cibi. Wata safiya na tarar da layi tun daga ƙofata har gindin dogon yaro. Na ji sanyi a raina, na ce yau kam mutane sun waye. Na farko ya zauna ya ce jakinsa ya ɓata kwana huɗu, a duba masa gabas ya yi ko yamma. Ta biyu tana son ta san ko ɗanta da ya tafi Agadas zai dawo kafin salla. Wani tsoho daga Gidan Sori, wanda ya yi sammako a kan moto, wato babur, har da wakensa ya zo a aljihu, wai ko nawa ya gaji. Shi tambayarsa ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya jira na biyu.

Na yi bayani, na yi rantsuwa, daga baya na yi faɗa. Majo ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce, “Zuwera, nan gidan likita ne, ba zauren boka ba. Kawo waken ga.” Na ce ai shi ya kawo mini shi. Ya ce shi bai taɓa cewa a zara sau ɗaya ba. Ya jefa jakunkunan a durowa ya kulle. Waɗanda na kora suka bazu suna cewa ai dubana na masu nama ne, in ba ka da hanta da ƙoda ba na ko kallonka. Kuma ga shaida a idonsu, don kowace kasuwa sai Isuhu ya aiko mini da tsoka, in mayar, ya ƙara mata kitse ya sake aikowa. Sau uku ina aika masa ya zo mu ƙarasa magana. Ya ce a gaya wa madam an gode, amma abin da ya fito da kyau ba a sake taɓa shi. In ya hango ni a kasuwa sai ya duƙa bayan cinyar sa, wadda ba ta rufe ko rabinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu buƙata ta gaske sun ɗauke ƙafa. Wane mai mutunci zai so a gan shi yana shiga ɗakin mai duba? Wannan ita ce mummunar shekarata. Nakan share ɗaki, in shimfiɗa tabarma, in zauna ina kallon ƙadangaru har azahar.

A cikin wannan zaman ne na gamu da Sha'awa wajen masu tumatir, cikinta ya tsufa. Ta kama hannuna ta ja ni bayan rumfa, ta kwance bakin zanenta. Jan waken nan ne a ɗaure. Ta ɗora shi a tafinta, ta nuna ƙirjinta, ta nuna Nana, sannan ta ɗaga gira tana kallona. Ko jaki ya san tambaya ce. Ashe fassarar Tsahara ke nan gaba ɗaya, ta ɗauki ja ta danƙa mata ta nuna ta da yatsa. Ni kuma da kaye biyu na Faransanci ba ni da kalma ɗaya da zan ba ta. Na girgiza kai, na gyaɗa kai, na yi ta motsa baki kamar akuya mai tuƙa. Ta dube ni, ta mayar da wakenta ta ɗaure, ta tafi. Kunya ta rufe ni a wurin.

Akwai wata tsohuwa kurma, Inna Laure, mai saƙar tabarma a bayan asibitin. A wurinta kurame ke taruwa ranar kasuwa suna hira da hannu, suna dariya har da riƙe ciki, mu masu kunne muna wucewa muna tausaya musu. Sha'awa a nan ta taso, amma tun da ta yi aure Tsahara ta hana ta zuwa, wai taron gulma ne. Ta yaya ta san gulma ce, oho. Na je na durƙusa, na nuna wa Inna Laure ina son koyo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wurin zama, ta zaro tsinken kaba ɗaya ta ajiye kusa da ita. Ban gane amfaninsa ba sai da na buɗe baki zan yi tambaya, na ji tsal a bayan hannu. Majo wata uku ya yi yana horona, Inna Laure ta fi wata bakwai, kuma shi Majo bai taɓa dukana ba. A wurinta na gane kowa a ƙasar nan yana da suna a hannu. Isuhu, a ja yatsa a maƙogwaro. Tsahara, a haɗa yatsu a yi ta buɗewa da rufewa. Majo, a miƙa hannu can sama. Ni kuwa, a rufe ido a tsinci abu a iska. Wato har wurin kurame labarin ya kai.

Sha'awa ta haihu a gida, mace, ƙatuwa jajir. Isuhu ya aiko mini da cinyar ragon suna sukutum. Ni na san ciwon nan ba ya nuna kansa sai jariri ya yi ƴan watanni, kuma a lokacin ba mu da gwajin sababbin haihuwa. Ban taɓa roƙon Allah ya gaskata ƙarya ba sai a kan wannan.

Wata bakwai da haihuwa, hannuwan jaririyar da ƙafafunta suka kumbura. Tsahara ce ta goyo ta ta kawo, ita kaɗai. Aka gwada, ja biyu. Ta dube ni ta ce, “To, mai wake, ina hwarin naki?” Na haɗiye wannan, na tambaye ta ina uwar. Ta ce ai an gama da maganar uwa. An tatsi nononta a ludayi, an jefa tururuwa, ta mutu a ciki, kowa ya gani. Jininta mugu, nononta mugu, don haka yau kwana tara da cire yarinyar daga mama, kunu ake ɗura mata. Jibi manya za su zauna a mayar da Sha'awa gidan ubanta, ƴaƴan kuma su tsaya hannun Tsahara.

Na ce, “Yaya Tsahara, ko ke anka jehwa cikin rijiyar nono, ba ki hitowa.”

Ba ta yi dariya ba. Majo ya ba jaririyar abin da ya kamata, ni kuma na ce bayanin yadda za a kula da ita sai uwa da uba sun zo da ƙafarsu, gobe. Na bi Majo buro na tsaya a gaban durowar nan. Ya buɗe durowa ya miƙo mini jakunkunan. Waken duk ƙwari sun cinye shi, sai gari. Na je kasuwa na sayo sabo.

Washegari Isuhu ya shigo, duk ya zube, ko wuƙar bai ɗauro ba. Sha'awa na bayansa, gaban rigarta jiƙe da nono. Tsahara ta sa ƙafa za ta shigo, na ce yau mai fassara tana hutu, na rufe ƙofa. Ta zagaya taga, na rufe tagar. Sannan na zauna na fuskanci Sha'awa, na ba Isuhu baya. Na nuna ta, na zazzage jakarta, fari da ja. Ta gyaɗa kai a hankali, wannan ta daɗe da saninsa. Na nuna tsayin Nana da hannu, na sa ja biyu a ƙoƙo. Na mayar da wakenta cikin jakarta, na miƙa mata ita kaɗai, na nuna mata ta fitar mini da ja biyu daga ciki. Ta zura hannu ta fito da ja ɗaya. Ta sake zurawa, fari. Ta juye jakar ciki waje ta kakkaɓe. Ta dube ni. Sai na ɗauko ɗaya jakar, na ja yatsa a maƙogwarona, na zazzage. Ta daɗe tana kallon wake huɗun nan. Daga nan ta juya a hankali ta kalli mijinta.

Ita da kanta ta karɓi jakunkunan ta shiga zara, ta duba, ta mayar, ta sake zara, ban ce mata ta mayar ba. Ta yi ya fi sau ashirin. Sannan ta tallafi ƙirjinta ta ɗaga gira. Na ce mata da hannu nonon lafiya lau, shi yarinyar ta fi buƙata yanzu. Ta yi tafiyar tururuwa da yatsu a kan tabarma, ta kifar da hannu. Na ce a ruwan randa ma haka za ta mutu. Wani sauti ya fito mata, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Na gaya mata ciwon ba zai tafi ba, amma a yawaita ba su ruwa, a rufe su daga sanyi, a kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a kawo su ba jira. Duk ta maimaita mini ba kuskure.

Isuhu ya kasa haƙuri. “Madam, mi kuke cewa ne? Ku hwaɗa mani mana, ina zaune kamar kututture.”

Na ce, “Yi haƙuri. Haka taz zauna shekara huɗu.”

Na juya na yi masa nasa bayanin da baki, na sa shi ya zara har hannunsa ya gaji. Ya fahimta sarai, amma ya ce ai har yanzu ba a ga nasa jan da ido ba. Sha'awa ta karanci fuskarsa. Ta tashi, ta cafki wuyan hannunsa, ta matse damtsen a hammatarta yadda yake yi wa ƙafar rago, ta miƙo mini yatsan. Na ce ba na huda kowa sai ya yarda da bakinsa. Ya juya fuska bango ya ce, “A yi. Amma kar a hwaɗa mani lokacin.” Na huda. Ya saki salatin da ya sa Tsahara ta hau dukan ƙofa tana tambaya wa ya mutu. Muka jira abin gwajin ya nuna. Fari da ja.

Ya rage murya ya ce, “Madam, don Allah kar kowa shi ji.”

To ga inda zama da surutun yake da nauyi. Magana ɗaya daga bakina za ta tsayar da Sha'awa a ɗakinta, kuma maganar ba tawa ba ce. Na ce masa ba mai ji daga gare ni, ko yayarsa ko limami. Na ƙara da cewa gobe za a kori matarsa a kan abin da rabinsa nasa ne, ya je ya yi tunani.

Baffan su Isuhu ya aiko in zo zaman, tun da ni na fara ɓata lamarin. Da hantsi na tarar da su a zaure, dattawa biyar, mahaifin Sha'awa a rakuɓe a gefe, Tsahara tsaye da jaririyar a baya. Na zube wakena na yi bayani, cewa ciwon nan ba ya samuwa sai uba da uwa kowa ya kawo nasa. Tsahara ta ce wannan a wasu gidaje ke nan. Ta ce, “Jiya ai an huda Isuhu, duk gari ya ji. To mi anka gani?” Ido duk ya dawo kaina. Na ce a tambayi mai jinin. Mai jinin kuwa ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Na fara jin haushin wannan sana'a da wanda ya koya mini ita.

Sai Sha'awa ta kwance bakin zanenta ta ajiye nata jan a gabanta, kowa na gani. Ta miƙa hannu cikin ƙoƙona ta ɗauki wani. Ta je gaban mijinta ta durƙusa, ta buɗe tafinsa ta ɗora masa. Ba ta rufe masa hannun ba, ba ta nuna shi da yatsa ba. Ta zauna kawai tana kallonsa. Da ya so, da ya karkata hannu waken ya faɗi, ba mai cewa komai. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, “Nawa ne. Ni ma ina da shi. An gwada.”

Tsahara ta ce, “Kai! Ina kas samo shi?”

“Madam ta ce ko ga Baba ko ga Inna.”

“Wace Inna?”

“Tamu mana, Yaya. Muna da wata?”

Bakin Tsahara ya buɗe, bai rufe ba. Can ta dafa ƙirji ta ce a hankali, “To ni hwa?” Na ce mata ɗakina yana nan, kuma ta shaida da kanta ƙofarsa tana rufuwa. Baffa ya gyara murya zai yanke magana.

Sha'awa ba ta jira hukuncin ba, da ma ba ji za ta yi ba. Ta tashi ta tsaya gaban Tsahara, ta kwance majanyin, ta zare ƴarta. Ta zauna a tsakiyar tabarma gaban dattawan nan, ta ba ta mama. Yarinyar ta kau da kai tana kuka, kwana goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Sha'awa ta matso ɗigo ɗaya ta shafa mata a leɓe, ta jira. Ta sake shafawa. Sai yarinyar ta kama. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyar jaririyar, ƙut, ƙut, ƙut. Duk muna ji ban da uwar. Ita ta ɗora yatsa ɗaya a maƙogwaron ƴarta, ta rufe ido.